Wa Ke Shan Shaidata?

Zuwa ga Mansura, Ummu Thamer, sanyin idona, inuwar da na fake a ƙarƙashinta tun gashina yana baƙi, iskar teku mai shigowa Jidda bayan la'asar ta tarar da bawan Allah ya gaji da rana. Zuwa gare ki, ruwan randata, farin watana, macen da ta fi kowa taurin kai a duk unguwar Bani Malik in an cire ni.

Da ƙorafi zan fara, don da shi na tsufa. Kin tafi ba ki sauke kofina daga kan ƙusa ba. Da ciwo ya kwantar da ke na yi zaton wata rana za ki ce, Ya'u, miƙo kofin nan in sha ruwa da shi, magana ta wuce. Na zauna a bakin gadonki ina jira har kika cika. Kin yafe wa maƙwabciyar da ta zage ki a gidan biki, kin yi wasiyya a kan tukwanenki ɗaya bayan ɗaya, amma kofin nan ko kallonsa ba ki yi ba. Me na yi miki da ya kai haka?

Bari in sake faɗa daga farko, tunda yanzu ba za ki katse ni ba. Ki yi haƙuri da rubutun, ke kika koya min shi a karkace, ni ban yi boko ba.

Kin san shekarun da na yi ina aikin gida wajen Baturen nan injiniya, mutumin Ostireliya, a gidajensu masu doguwar katanga can arewacin gari. Yana da jar giyar inabi da yake ɓoyewa a ƙarƙashin bene, sunanta Shiraz. Ta inda take shigo masa ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Wanda iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasa, ke hannun kafilin da ya tsaya masa ba ya yawan tambaya. Aikina in kwantar da kwalaben a kan haƙarƙarinsu don kada toshiyar itacen da ke bakinsu ta bushe, in hana rana ganinsu, in wanke kofunan gilashi in baƙi sun watse. Mutumin kuwa bai iya sha shiru ba. Sai ya ɗaga kofi wajen haske, ya jujjuya shi, ya cusa hanci, ya kama yi min bayani da gurguwar Larabcinsa kamar ni zan saya. Wai wannan ba ta da nauyin da ke danne harshe, ba ta kuma tsinke kamar ruwa ba, tsaka-tsaki ce. Wai da fari zaƙin baƙaƙen 'ya'yan itace ne, sai yaji ya biyo baya a maƙogwaro, sai wani bauri ya kama dasashi ya ƙi saki. 'Ya'yan itacen da yake kira ban san su ba. Amma hanci ba ya neman izinin mai shi. In na sunkuya ina wanke-wanke, abin da ke taso min ɗinya ce nunanniya irin ta bayan garinmu, da masoro, da ɗan kanumfari. Hancina ya sani. Harshena bai taɓa sani ba, Allah ne shaida, kuma wannan ce maganar da kika mutu ba ki yarda da ita ba.

Kin tuna Jumma'ar nan a bakin teku? Thamer na jariri yana barci a cinyarki, kina cin dafaffen waken nan balila da ƙaramin cokali, rana tana nutsewa cikin ruwa ja wur kamar garwashi. Kin gama yi min faɗa a kan takalmina da ya tsinke, sai kuma kika fashe da dariya, iska ta ɗaga gefen mayafinki. Na dube ki na ji ƙirjina ya yi min kaɗan. Na so in faɗa miki abin da babu namijin da ya taɓa faɗa wa matarsa a unguwarmu. Wata da taurari kowa ya faɗa. Sai na ce ke kamar Shiraz kike, zaƙi a gaba, yaji a baya, kuma Bature ya ce irinta tana ƙara kyau in ta daɗe a ajiye, zafinta ya kwanta, baurinta ya yi laushi. Wallahi iyakar yabon da na mallaka ke nan, na ɗauko na shimfiɗa miki. Kika tsaya da cokali a hannu, kika ce, Ya'u, yaya aka yi ka san ɗanɗanonta?

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila kin manta. Sai Bature ya tashi komawa ƙasarsu, ya ba ni kwali ɗauke da bargo da tukwane da fanka. Ke kika buɗe kwalin, kika warware bargon, kwalba ta gangaro har gaban ƙafarki. Mantawa ya yi ko kyauta ya yi a haukarsa, oho. Kika ce in fasa ta a banɗaki yanzu-yanzu. Na ce ki dubi bakinta tukuna, a liƙe yake, ko farce bai taɓa shi ba. Kika ce, wannan ba ka buɗe ba, sauran fa? Ranar kika ɗauko ƙusa da dutse kika kafa a bangon kicin, kika rataye kofina shi kaɗai, nesa da na kowa.

Ba ki bar ni ba, na sani. Kin dafa, kin wanke, kin haifa min Nuha, kin yi jinyata da na faɗo daga tsani. Amma bakinki bai ƙara taɓa abin da bakina ya taɓa ba. Yara suka tashi suna zaton girmamawa ce, kofin Abuya, wato babansu, daban yake. Ni kaɗai na san abin da ƙusar nan ke cewa duk safiya.

Shi ya sa na ƙi fasa kwalbar. Na san hukuncin ƙasar nan, na san na Ubangiji, ba don sha na ajiye ba. Mutum ba ya fasa shaidarsa da hannunsa. Na haƙa rami a ƙarƙashin mazaunin randa inda ƙasa ke da danshi, na kwantar da ita a kan haƙarƙari, na rufe. Na ce duk ranar da kika sauko, zan fito da ita cike har wuya, ki ga namijin da ya kwana da ita a gidansa tsawon rayuwa bai ɗanɗana ba, sannan mu fasa tare. Ranar ba ta zo ba. Ke kika riga.

To ki ji abin da ake ciki, ya kurciyata.

Rushe unguwar ake yi. Sun fesa jan fenti a bangonmu, kalma ɗaya da ke nufin a fita. Kowa ya kwashe, wasu unguwar Mahjar, wasu inda Allah ya nufa. An ciccire ƙofofi da tagogi, gidajen sun tsaya baki buɗe kamar ƙoƙunan kai. Masallacinmu ya daina kira. Sun yanke wuta. Da tsakar rana, lokacin da a da ƙarar na'urar sanyi ke cika layin, yanzu kana jin takun kyanwa daga gida na uku. Katafila tana cin gidaje daga wajen titi, kullum tana matsowa, in ta yi shiru sai ƙura ta daɗe a tsaye kamar mutanen da ke jiran a sallame su.

Cikin wannan shirun na tono kwalbar. Na ɗaga ta wajen hasken taga yadda Bature ke yi. Mansura, ta ragu.

Bakinta a liƙe yake yadda kika gan shi. Amma abin da ya kai wuya ya sauko har ya gota kafaɗa. Launin ma ya juya. Da baƙi-baƙi ne kamar zoɓon da aka jiƙa da kauri, yanzu ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, irin lallen ƙafarki in ya kwana biyu. Wani gari-gari ya kwanta a gefen da ta jingina, in na motsa ta sai ya tashi a hankali ya yi yawo kamar yana neman hanya. Na sa hanci wajen toshiyar. Ɗinya ta tafi. Abin da ya saura ƙamshin tsohuwar fata ne, da busasshen dabino, da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ƙasar nan na san ta. Ita na shaƙa ranar da na sauka cikin kabari na karɓe ki daga hannun Thamer.

Na nuna wa Thamer ɗin, don ba ni da wanda zan nuna wa. Ya zaro ido, ya rufe baki da hannu, ya ce, ya Abuya, so kake a ɗaure mu duka? Da na nuna masa inda ta ragu, ya latsa wayarsa ya ce zafi ne, wai toshiya in ta tsufa tana numfashi, abin yana fita kaɗan-kaɗan ya bi iska. Shi ke nan, Abuya, zuba ta a kwata, yalla mu tafi, matata Raghad ta gyara maka ɗaki. Na ce iska ce ta sha? Ya ce iska. Na ce to iskar nan ta san awo, don abin da ya ɓace rabin kofi ne daidai. Ya ce tsufa ya fara taɓa ni. Ɗanki ne, ba ya jin magana sai tasa.

Abin da ban nuna masa ba shi ne kofinki. Tun rasuwarki yana kife a kan kantar kicin, ban bari kowa ya taɓa shi ba. Na ɗaga shi zan naɗe a tsumma, sai ga zobe a cikinsa, siriri, ruwan ƙasa-ƙasa, daidai inda ruwa ke tsayawa in kin zuba rabi yadda kika saba. Tsatsa ce? Kofin tangaran yana tsatsa?

Ke ce, ko ba ke ba ce?

In ba ke ba ce, to an cuce ni cuta biyu. Shaidar da na yi gadinta tun Thamer na goye ta juya ta zama mai ƙarata. Duk wanda ya ga kwalbar nan yau zai ce tsohon ya sha, ya liƙe. Da me zan tsaya a gabanki ranar da za a tara mu? In ce iska?

In kuwa ke ce, ya hasken gidana, ban ga laifinki ba. Malamai sun ce a inda muke fatan kina, akwai irinta da ba haramun ba ce, ba ta kuma juya hankali. Wataƙila kin ɗanɗana ta can, kika tuna maganata ta bakin teku, kika dawo ki gwada ki ji ko ƙarya na yi. To kin ji. Zaƙi a gaba, yaji a baya, baurin da ke kama mutum ya ƙi saki. Wa na kwatanta in ba ke ba? Akwai macen da ta kama dasashin rai irin yadda kika kama nawa? Ruwan sama ya sauka a Jidda ya ɗauke, tekun nan ya cika ya janye, unguwa guda ta tashi ta zama fili, ni ina nan da ɗanɗanonki a bakin da kika ƙi.

Bature ya taɓa ce min kowace kwalba tana da lokacinta. Tana hawa, ta tsaya a ƙololuwa, sannan ta gangara, wanda ya yi jinkiri ya buɗe ya tarar da tsami kawai. Na daɗe ina tsoron maganar nan. Kada dai mun ajiye sulhunmu ya wuce lokacinsa, ni ina jiran ki sauko, ke kina jiran in fasa?

Na je maƙabarta in tambaye ki. Kin san kaburburan ƙasar nan, ba suna, ba alama, duwatsu ne jere kamar haƙora. Ni da na sa ki da hannuna na kasa gane wanne ne. Na tsaya a rana ina yi wa kowa sallama. Shi ya sa na dawo gida na ɗauki biro, don in akwai inda kike zuwa, nan ne.

Thamer zai zo da mota bayan sallar Jumma'a. Kwalbar ba za ta shiga gidansa ba, ba zan kuma bar wa katafila ita ba. Ga alkawarina: ki ce kin yarda ban sha ba, in ɗauke ta in fasa a banɗaki yadda kika ce tun farko, in wanke hannuna, in bi yaron. In ba ki ce ba, ina nan zaune a kicin ɗinki, su rushe da ni.

Tun da na fara wannan shafin nake jin kofina yana taɓa bango a bayana. Ƙas, ƙas, a hankali. Babu taga a buɗe, katafila ma ta tafi hutun azahar. Yanzu kuma ya yi shiru, na ji kamar an ajiye abu a kan kanta, kusa da naki.

Ba zan waiwaya ba. Da ƙusa kika yi min magana tsawon zamanmu, ba zan karɓi amsa da kofi ba. Da baki kika tuhume ni, da baki za ki wanke ni.

Ni ne naki tun bakin teku, naki a wannan kangon, naki a ramin da ba suna in an sa ni, ban duba wata ba kuma ba zan duba ba,

Ya'u.

Ina jin numfashinki, Mansura. Buɗe baki ki amsa min.