Alƙali Yana Iya Sakinsa

Ke da kike tsayawa a layin ƙofar kurkuku ranar Lahadi da kwandon abinci a hannu, ke nake wa wannan gargaɗi. Idan kika ji rediyo ya ce majalisa ta gyara doka, kada ki wanke zanen gado, kada ki yanka kaza, sai an karanta miki dokar kalma bayan kalma. Sunana Crescencia, matar marigayi Riquelme, daga garin Horqueta. A wurinmu ana girmama mace da laƙabin Ña, namiji kuma da Don. 'Ya'yana maza biyu ne. Babban, Eladio, ɗan majalisar ƙasa ne. Ƙaramin, Toribio, makiyayi ne, yana tsare bisa zargin satar shanu, ba a taɓa yi masa shari'a ba. Ga wasiƙunmu na kwafe su yadda suke, ban gyara wa kowa magana ba.

*

Horqueta, watan Agusta

Ɗana Eladio,

Allah ya yi maka albarka. Ina gaida matarka Mirta da yara. Ka gaya wa Mirta hoton ya iso, kuma siket ɗin babbar yarinyar ya yi gajere.

Ranar Lahadi na je wurin ƙanenka. Tarin nan bai bar shi ba, rigar da na ɗinka masa bara yanzu mutum biyu za ta ɗauka. An sake ɗage zaman kotu. Wancan karon alƙali ne ya tafi hutu, kafin nan mai gabatar da ƙara aka sauya, wannan karon motar da za ta kai shi ce babu mai. Ya haura shekara uku ke nan a ciki. Shi mai garken, Don Atilano, da shanunsa suka ɓata ma ya daina tambayarsu, ya sayi wasu.

Ban ce ka je ka roƙi alƙali ba. Ban rene ku don ku riƙa bi ta bayan gida ba. Ranar da 'yan sanda suka zo nemansa, ni na ce ya sa riga mai kyau ya bi su, don bai yi abin da zai sa ya gudu daji ba, kuma har yau haka zan ce. Amma na ji a rediyo cewa za ku tattauna gyaran dokar shari'a, har da batun waɗanda ake tsarewa ba hukunci. Wannan ba alfarma ba ce, aikinka ne. Mutanen garin nan ba su zaɓe ka don ka iya ɗaura lakataye ba. Ka miƙe ka yi magana, kuma ka rubuto mini abin da dokar ta ce da bakinta, ba da bakin 'yan jarida ba.

Na ba direban motar dare chipa, burodin rogon nan da na gasa, ya kawo maka. Ka ƙirga, hannunsa ba ya zama wuri ɗaya.

Mahaifiyarka,
Crescencia

*

Asunción, watan Satumba

Mama,

Ina neman albarkarki. Chipa ta iso, yara sun cinye kafin in dawo daga ofis.

Ga abin da kika nema. Sashen da ya shafe mu ya ce duk wanda aka tsare fiye da shekara biyu ba a yanke masa hukunci ba, dole alƙali ya sake shi ya jira shari'a a gida. Ni na tsaya a kwamiti har aka rubuta shi haka. Idan ya wuce, Toribio zai fito ba tare da na buga wa kowa waya ba.

Sai dai zaman ba sauƙi. Jiya wani daga cikin wakilan masu garke ya miƙe ya ce, "Shugaba, mu daina wahalar da kanmu da lambar sashe, mu kira abin da sunansa. Wannan dokar ƙanen Riquelme ce. Ina ba da shawara a ƙara masa layi ɗaya, gwamnati ta ba kowane ɓarawon shanu igiya sabuwa ranar da zai fita."

Aka yi dariya har a ɓangarenmu. Na miƙe na ce fiye da rabin mutanen da ke kurkukun ƙasar nan ba wanda ya taɓa tabbatar da laifinsu. Wani daga baya ya ce, "Zauna, Yaya, mun ji kukan gida." Shugaban majalisa ya kaɗa ƙararrawa, kafin ya gama kaɗawa rabin kujeru sun zama fanko, suna farfajiya suna shan tereré, shayinmu mai sanyi. Ba a samu adadin da za a jefa ƙuri'a ba, aka tashi.

Ina roƙonki kada ki zo birni, kuma kada ki yi magana da 'yan rediyo idan sun neme ki. Duk abin da zai tuna musu cewa ina da ƙane a ciki, dokar yake cutarwa. Ki gaishe shi. Ban je ba ne saboda wannan dalilin, ki fahimtar da shi.

Ɗanki mai biyayya,
Eladio

*

Daga ciki, watan Oktoba

Mama,

Albarkarki nake nema, hannuwana a haɗe kamar yadda kika koya mana, sai dai ba ki gani.

Ta wuce, Mama. Mun ji da kunnenmu. Mun rataye rediyon a ƙusa, duk ɗakin ya yi tsit, abin da ban taɓa gani ba ko ranar da bishop ya zo. Tsoho Pánfilo, wanda ya shigo nan da baƙin gashi kuma har yau bai ga fuskar alƙalinsa ba, shi ke riƙe da wayar rediyon don kada murya ta gudu. Duk wanda ya yi magana a majalisa sai mu ba shi maki. Wani ya ce za a cika titi da masu kisa. Pánfilo ya ce, "Ku gaya masa ni ƙafata ba ta kai titi, iyakata ƙofar gida."

Can wajen ƙarshe aka ce Riquelme na da magana. Sai ga muryar Yaya, irin wadda yake yi idan yana karatu a coci. Ya ce yana da ɗan ƙaramin gyara. Ban ji sauran ba, don mutanen nan sun ɗaga ni sama suna ihu, "Yayanmu! Yayanmu!" Ni da Yaya bai zo ganina ba ko sau ɗaya, yau na tashi da 'yan'uwa ɗari, duk sun mai da shi Yayansu. Kafin su sauke ni an jefa ƙuri'a, an wuce.

Tun daren ake rabon gado da rai. Wanda zai fita ba ya fita da kaya, haka al'adar take a nan. Bargona na ba wani yaro da aka yanke wa shekara takwas. Wurin kwanana na gindin taga, wanda kin san sai da na shekara biyu kafin ya zo kaina, na ba wani sabon shiga a gaban shaidu. Yanzu ina can ƙurya kusa da bokiti, amma na 'yan kwanaki ne. Tarin ya ɗan ƙaru, kada ki damu, iskar gida za ta kore shi.

Kada ki kawo abinci da yawa Lahadi. Ki ajiye ƙarfinki ki dafa mini rogo da miyar kaza ranar da zan zo. Kuma ki gaya wa Don Atilano ya ƙirga shanunsa da kyau kafin in iso, ba na son a ce mini komai.

Ɗanki,
Toribio

*

Horqueta, watan Nuwamba

Eladio,

Allah ya yi maka albarka, don wannan ba na hana ɗa ko da ina fushi.

Na share ɗakin ƙanenka, na shanya katifarsa, na gaya wa Fada na cocinmu ya sa sunansa a addu'ar godiya. Lauyan da gwamnati ta ba shi ya shigar da takardar neman a sake shi. Da shiru ya yi yawa na shiga mota na je kotu da kaina. Magatakardar wata yarinya ce da ba ta kai Mirta shekaru ba. Ta nemo fayil ɗin, ta ce, "Ña Crescencia, alƙali ya duba, bai amince ba."

Na ce, "Ba a nemi amincewarsa ba, 'yata. Doka ta ce dole."

Ta ce, "Wace dokar?"

Na ce, "Wadda aka yi a majalisa. Ɗana na cikin waɗanda suka rubuta ta."

Ta ɗauko jaridar gwamnati, ta juyo mini ita, ta sa farce a kan layin. Na yi sakandare, Eladio, ba sai an karanta mini ba. An rubuta: alƙali yana iya sakinsa. Na karanta na sake karantawa ina neman dole, babu ita.

Na ce, "To ai yana iyawa. Me ya hana shi?"

Ta ce, "Ya ce garinku kusa da iyaka yake, yaron zai iya tsallakawa. Ña Crescencia, dama can yana iyawa. Tun kafin a haife ni alƙalai suna iyawa." Ta miƙo mini tereré don ta ga na riƙe bakin tebur. Ban karɓa ba.

Daga ɗakinsu Toribio mutum biyu aka saki, dukansu masu lauyan kansu. Pánfilo na nan. Ƙanenka ya nemi wurinsa na gindin taga, aka ce abin da aka bayar gaban shaidu ba ya dawowa, shi ma bai yi musu ba. Yana kwana inda iska ba ta kaiwa, ba bargo. Na kai masa na mahaifinku. Ranar Lahadi ya yi tari a hankici ya naɗe da sauri, yana tsammanin ban gani ba.

A wasiƙarka ka rubuta mini dole. A jarida na ga yana iya. Tsakanin nan da can wani ya miƙe ya buɗe baki ya sauya. Toribio ya ce ya ji ka kawo ƙaramin gyara. Ba na son in ji daga bakin kowa. Ka rubuto mini sunan wanda ya yi.

Mahaifiyarka,
Crescencia

*

Asunción, watan Disamba

Mama,

Ina neman albarkarki, idan har yanzu akwai.

Ni ne.

Ki bari in faɗi yadda aka yi. Sau uku suna ficewa suna barin zauren majalisa ba adadi. Ana gobe zaman ƙarshe shugaban jam'iyyarmu ya kira ni ya ce, "Riquelme, da kalmar dole ba za ta wuce ba, ko yau ko baɗi. Sun ce a mayar da ita yana iya, su zauna su jefa ƙuri'a. Kuma sun ce kai za ka kawo gyaran da bakinka, don kowa ya ga ba dokar ƙanenka ba ce." Na ce kalmar nan ita ce dokar gaba ɗaya. Ya ce, "Akwai sashe sittin ban da naka. Akwai ƙarin alƙalai, akwai lauyoyin talakawa. Za ka kashe su duka saboda mutum ɗaya?"

Na zaci alƙalin zai ji kunya ya sake shi, tunda ƙasa duka ta ji muhawarar. Na yi kuskuren lissafi. Amma Mama, ke kika ce kada in bi ta bayan gida, ban kuwa bi ba. Da na ɗaga waya shekara uku da suka wuce, da yanzu yana gida yana kiwo. Abin da kika koya mini na yi, na tsaya a zaure a gaban kowa, kuma a zaure abin da ake samu ke nan. Akwai mutanen da suka fita saboda dokar nan. Ba su da yawa, amma suna da uwaye.

Za mu sake kawo gyara bayan zaɓe, idan mun dawo da rinjaye. Na yi magana da wani likita, ana iya mayar da Toribio ɗakin marasa lafiya. Kirsimeti kuma ina iya zuwa, idan aiki ya bari.

Ɗanki,
Eladio

*

Horqueta, kafin Kirsimeti

Eladio,

Allah ya yi maka albarka.

Na koya maka kada ka roƙi alƙali a ɓoye. Ban koya maka ka miƙe a gaban ƙasa ka rufe wa ƙanenka ƙofa ba. Kada ka haɗa su.

An mayar da shi ɗakin marasa lafiya. Tarin fuka ne, ya kama huhu biyu. Na tambayi likita ko zai tashi, ya ce yana iya tashi. An sa zaman kotu watan Maris, magatakarda ta ce ana iya yi. Ban gaya masa sunan da ka rubuto ba. Har yanzu a ɗakinsu Yayanmu suke kiranka, shi kuma yana jin daɗi, ba ni zan ƙwace masa wannan ba. Kai za ka gaya masa, a tsaye, a gaban gadonsa.

Ga dokar gidan nan daga yau, kuma ba a kawo mata gyara. Ba wanda zai ƙara ce mini yana iya, ko ana iya, ko ina iya. Wanda zai yi abu ya ce zan yi, wanda ba zai yi ba ya ce ba zan yi ba. Layin kurkuku ana fara shi tun da asuba ranar Lahadi. Ka rubuto mini ɗaya daga cikin biyun.

Mahaifiyarka,
Crescencia