Sunana a Ƙasan Fim

Runka, ranar Talata.

Zuwa ga Yayana Badaru, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Yaya, ina miƙo maka gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Allah ya ƙara rufin asiri, ya sa albarka a cikin nema, ya tsare ka a ƙasar mutane. Mu nan sai godiyar Allah. Ƙafar Kawu Yusha'u ta yi sauƙi, har yana dogara sanda zuwa masallaci. Mubina ta gama wankan jego lafiya, jaririyarmu Nazifa ta fara dariya, kuma duk wanda ya ɗauke ta sai ya ce goshin marigayiya Iya ta kwaso. Damina ta yi kyau, dawa ta fid da kai, sai dai gonar bakin daji bana ma ba mu taka ta ba, ta bayan gida kawai muka noma. Kada ka yi mamakin ganin takarda maimakon kira. A garin nan yanzu in mutum ya koma gefe ya kara waya a kunne, ido goma ne a kansa, ni kuwa waɗanda ke kaina sun ishe ni. Tayyib direba na ba, shi zai miƙa ta ga masu motar Fatakwal in ya shiga Katsina.

Ɗan akwatin fina-finan da ka aiko ya iso tun kafin babbar salla, kuma ka ce lallai in faɗa maka ra'ayina, tunda ni ne nake wuni da su a rumfar kasuwa ina tura wa mutane a waya. To ga shi, amma kada ka ji haushi. Na Amurkan nan da kake ta kurantawa, mai ƙaton da harsashinsa ba ya ƙarewa, wallahi ni bai burge ni ba. An rushe gari guda, benaye na zubowa kamar tsohon rumbu a tsakiyar damina, amma ko gawa ɗaya ban ga an yi wa sutura ba. Ba zaman makoki, ba mai neman ɗansa. Da ƙura ta lafa sai ga akta da farar rigarsa tas, yana murmushi. Haba Yaya! Mu nan mutum uku in aka rasa, sai gari ya yi sati bai dawo hayyacinsa ba. Kuma kullum sai ana saura ƙiris a hallaka mutum, sai ga taimako ya iso a guje. Na ce lallai masu shirya wannan ba su taɓa zaman jiran taimako ba. Samari dai suna son shi, ba ranar da ba na tura shi sau goma.

Na Indiyan kuwa mai fassara ne ya kashe shi. Yarinya na kuka a kan kabarin ubanta, shi gogan naka yana zuba barkwanci a kai, har da tallan shagon abokinsa. Allah ya shirye shi. Namu na Hausa mai dogon zango ma ba sauƙi: gidaje kamar na gwamna, kowa da motarsa, kashi talatin cur ana rigima a kan wanda ya karanta saƙon wayar wani. Har na kai ƙarshe ban ga inda aka ɗora tukunya ba, na rasa me suke ci. Wanda ya shiga raina shi ne wanda ka ce bisa kuskure ka zuba shi, na ƙasar da ban ma san yarensu ba. Wani tsoho ne mutanen ƙauyensu suke ta ƙaura, gida bayan gida, shi ya ƙi tashi. Kullum da safe sai ya ɗauki tsintsiya ya share ƙofar gidansa, ya bi ya share ta maƙwabtan da suka tafi, wai kada su dawo su tarar da datti. Shi ke nan fim ɗin, ba duka ba zagi. Sau uku na kalle shi, kuma ba zan ɓoye maka ba, na yi hawaye, don layinmu nake gani, daga gidan su Ikilima har bakin rijiya duk an garƙame. Wani mahauci da na tura wa ya dawo yana faɗa, wai in goge masa, awa guda yana jiran a mari wani ba a mara ba.

Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba don in ba ka labarin fim na ɗauki biro ba, ko da yake fim ɗin ne ya jawo komai. Ka tuna dabarar da ka koya mini da ka zo bara, ta sa suna a ƙasan fim? Tun daga lokacin duk abin da ya fita daga kwamfutata, da rubutu a ƙasansa yana tafiya a hankali: Nu'uman Runka, tura fim da cajin waya, sai lambata. Na yi alfahari da abin nan ba kaɗan ba. Har Ruma da Batsari mutane ke zuwa nemana da sunan, Kawu ma sai da ya sa aka nuna masa, ya yi ta dariya yana cewa ɗansa ya shiga talbijin. Ban ga laifinka ba ko kaɗan, alheri ka nufe ni da shi.

Ka san Inno, tsohuwar nan mai tallan nono daga rugar yamma, ƙawar Iya, wadda ta yi ta kawo mata man shanu lokacin jinyarta ta ƙarshe. Tun bara take zuwa rumfata ranar kasuwa da memorin waya uku ko huɗu, ɗaya daga ciki ja, a ɗaure a bakin zane, ta ce na jikokinta ne. Ita ko gaba da bayan abin ba ta sani ba. Ni kuma ban tambaya ba, don mai tura fim ba ya tambayar wayar wa ce, kamar yadda mai shayi ba ya tambayar cikin wa zai shiga. Amma tsakani da Allah zuciyata ta ɗan raya mini wani abu, na danne, na ce ina ruwana. Sai wata ranar kasuwa ta sunkuyo ta ce mai jan memorin nan ya aiko ta da saƙo. Wai ya gaji da na faɗa, in ƙara masa irin na tsohon nan mai shara. Kuma wai yana yi mini barka, ya ji an samu ƙaruwa, Nazifa suna ne mai daɗi. Ka ji fa, Yaya. Kwana tara ke nan da suna a lokacin. Na dubi Inno, sai na ga idonta ya kawo ruwa. Ta ce ita ba a shawara da ita, aiken ta ake yi, kuma 'yan shanun da suka rage mata da jikanta ɗaya duk suna hannun mutanen dajin. Na tura fim ɗin, na ci gaba da turawa duk mako, ban gaya wa kowa ba.

Kwana goma da suka wuce mutanen dajin suka afka wa wani ƙauye a bayan Zakka da rana tsaka, mutane na gona. Sun kashe huɗu, Allah ya jiƙan su, cikinsu har da Shafi'u, ƙanen Jafaru. Jafarun da muka yi firamare tare, wanda yanzu shi ne shugaban 'yan sa-kai a nan. Garin gudu wayar ɗaya daga cikin maharan ta faɗi a kunyar gona, aka tsinta aka kawo masa. Da aka kunna, me za a gani? Tsohon nan da tsintsiyarsa, ga sunana da lambata suna tafiya a ƙasa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin la'asar an kira ni zauren dagaci. Na rantse da Alƙur'ani ban taɓa ba wa kowa labarin garin nan ba, ban san gidan wa za a shiga ba, ban san fuskar ko ɗayansu ba, kuma gaskiya na faɗa. Da Jafaru ya yi mini ihu ma da ya fi mini sauƙi. A hankali ya yi magana, idanunsa jawur. Ya ce shi zai iya yarda da ni, amma ƙanensa na cikin ƙasa, kuma mutane ba rantsuwa suke so ba. Ya ce waya ba ta da ƙafa, dole akwai mai kawowa da mai mayarwa. Ranar kasuwa mai zuwa za su zauna nesa da rumfata, in mai kawowa ya iso in cire hulata in ajiye a kan tebur, sauran aiki nasu ne. Na ce masa masu kawo memori suna da yawa. Ya ce ya sani, kuma ya san na san wanda yake nufi.

Kasuwar da ta biyo baya Allah ya sa aka wuni ana ruwa, ba ta ci ba. Amma tun ranar nan ba wanda ya sake tsayawa a rumfata, ko cajin waya. A masallaci in na shiga sahu sai in ji iska ta dama da hagu, mutumin da muke haɗa kafaɗa shekara ashirin ya matsa. Matan da ke shigowa ganin jaririya sun ɗauke ƙafa. Ran Juma'a da safe Mubina ta fita zubar da shara ta tarar an rubuta infoma, mai kai wa 'yan daji rahoto, da gawayi a ƙofarmu. Ta wanke da kanta kafin in gani, maƙwabci ne ya faɗa mini, shi ma daga nesa. Ban taɓa jin baƙin ciki irin wannan ba, Yaya, ko ranar da muka rufe Iya. A garin da aka binne cibiyata nake tafiya ina sunkuyar da kai.

Na juya maganar nan ta kowace fuska, gaba kura ce baya siyaki. In na cire hula, ni da kai mun san waɗanda ake zagayawa da su bayan dutse ba sa dawowa, kuma zuciyar da ke tafasa ba ta tsayawa tambayar shekarun mutum. Tsohuwar da ta share wa Iya baki da hannunta, in miƙa ta don in wanke sunana? In kuma ban cire ba, sunan ya tabbata. In na daina turawa, mai jan memori ya san sunan 'yata, balle ƙofar gidana. Na je wa Kawu da maganar, ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce shi shekarunsa ba su kai ga irin wannan ba, in yi abin da zan iya tsayawa da shi gaban Allah.

Jiya da hantsi na hau babur na bi hanyar da masu nono ke bi zuwa Batsari, na tsaya a gindin wata tsamiya har ta iso da ƙwaryarta a ka. Na ce mata kada ta zo Runka ranar kasuwa, kada ta sake zuwa ko da wane ne ya aiko ta. Ba ta tambaye ni dalili ba. Ta sauke ƙwaryar, ta dafa kaina kamar yadda take yi ina yaro, ta yi mini addu'a da Fulatanci, ta ɗauka ta wuce. Sai da na kamo hanyar gida abin ya faɗo mini, har na tsayar da babur a gefen hanya. Yaya, abin da na dafa Alƙur'ani na ce ban taɓa yi ba, jiya na yi shi da bakina. Na ɗauki sirrin zauren dagaci na kai wa wadda za ta koma daji. In Jafaru ya sake tambayata, ba ni da sauran rantsuwa. Kuma wallahi da za a mayar da ni jiya, hanyar nan zan sake bi.

Jibi ne kasuwa. Inno ba za ta zo ba, su Jafaru za su wuni suna kallon hulata a kaina, kuma kafin magariba kowa zai san dalili. Can dajin ma za su ga an koma musu hannu rabbana. Don haka gobe da sassafe Mubina da Nazifa za su bi Tayyib zuwa Katsina, wurin gwaggonta. Mubina ta yi kuka ta ce ba inda za ta je ba tare da ni ba, sai da Kawu ya sa baki. Ni zan zauna. In na gudu, a kan Kawu abin zai faɗa, kuma sunan nan zai manne wa gidan Baba har jikoki. Zan buɗe rumfa kamar kullum in zauna a kujerata, abin da Allah ya rubuta ba mai gogewa. Kada ka taso, don Allah, zuwanka ba zai gyara komai ba, sai dai a samu na biyu da za a nuna da yatsa.

Ka gaishe mini da uwargidanka Yaya Zuwairatu da kyau, ka ce mata Mubina ta gode da atamfar suna. Ka shafa mini kan Sadiq da Nana Hadiza, Allah ya raya su a inda ba a jin abin da muke ji. Kawu Yusha'u na gaishe ka, ya ce ka sa mu a addu'a. Duk abin da na taɓa yi maka na rashin kunyar ƙuruciya ka yafe mini, ni ban riƙe ka da komai ba. Roƙona ɗaya ne. In ka ji wani labari, ka ɗauko Nazifa ka haɗa ta da naka. Kuma ka adana takardar nan wuri mai kyau. Wata rana wani zai ce mata ubanta infoma ne, ranar kada ka yi gardama da kowa, ka ba ta ta karanta da kanta.

Wassalam. Ni ne ƙanenka,

Nu'uman.