Sunan Malam a Bayan Karne

Dungas, daren Talata

Yau ja'irar jikata Hadiza ta kama ni. Jami'arsu ta haɗa gwiwa da wata ta ƙasar waje, suna zuba rajistar likita cikin ordinater, wato kwamfuta. Ashe sau uku aka rubuta ni, kamar mata uku dabam-dabam: Ta Guci, Hajiya Babba, da Zuwaira. Shi ya sa kowane majo, wato malamin asibiti, ke ba ni maganin tansiyo, hawan jini ke nan, dabam, har jiri ya kayar da ni da damina.

Ta ce, "Kaka, faɗi sunan mijinki, a tabbatar ke ɗaya ce."

Na ce, "Shekara arba'in ban kira sunansa ba yana raye, sai yanzu don akwatin nasara?"

Ta ce, "To zauna mata uku, ki sha magani uku!"

Ta san sunan sarai, amma wai dole daga gare ni zai fito. Na fizge bironta na rubuta a bayan karnena, ɗan littafina na asibiti. Baki ke da kunya, hannu ba ruwansa. Ta karanta, ta mayar da matan uku mace ɗaya a rajistar.

Malam maigidana, yafe mini. Ko babu kai, kai ka tattara ni wuri ɗaya. Allah ya jiƙanka.