Na Shiga Kwalekwale, Umma

Taman Melati, Kuala Lumpur. Asabar ce, bayan la'asar, ana ruwan sama. Ban kwance jakar tafiyata ba tukuna.

Assalamu alaikum Umma, gaisuwar 'ya ga mahaifiyarta da ta riga mu gidan gaskiya.

Gara ki ji daga bakina: na shiga kwalekwale. Yaya Sani ya ga hotona a ciki, ya kira ni ya ce na taka maganarki tun ƙasar kabarinki ba ta gama kwanciya ba. Ban ba shi haƙuri ba, kuma ba zan ba shi ba.

Ban manta ba. Tun ranar da ruwan Yawuri ya ci ƙaninki, Kawu Bala, kika ce, "Ɗan da na haifa ba zai hau ruwa ba." Kin faɗa, mun ji, mun bi. Ke ma ba ki sake ƙetarawa tsibirinku ba. Iya, mahaifiyarki, ita ke ƙetarowa ta gan mu, har ƙafa ta hana ta.

Ga yadda aka yi. Da muka gama karatu, 'yan ajinmu suka haɗa tafiya Tailan, aka kai mu wata kasuwa kusa da Bangkok wadda ake ci a kan ruwa. Niyyata in tsaya a gaɓa in riƙe musu jakunkuna. Kin san ni. Na tambayi zurfin ruwan, na tambaya ko matuƙin ya iya iyo, har wata 'yar Malesiya ta ce, "Ke dai shigo lah, ba teku ba ne!" Ba don ita na shiga ba.

Wata tsohuwa ce ta matso da jirginta, cike da mangwaro da kwakwa, ta sa malafa mai faɗi. Da hannu ɗaya take tuƙi, ɗayan tana miƙa wa masu saye kaya a kwandon da ta ɗaura a bakin doguwar sanda. Ba ta ko kallon ruwan. Haka kika ce Iya take kai kifi kasuwa, da ke goye a bayanta.

A nan na tsaya ina lissafi, Umma. Ruwa ya ɗauke wa Iya ɗa guda. Tsoronmu ya ɗauke mata 'ya da jikoki.

Na sa rigar da ke hana nutsewa, na ja igiyarta har tana matse ni, na yi bismillah na taka jirgin 'yan ajinmu. Jirgin ya karkata. Ruwan baƙi-baƙi, jirage suna gogar juna, hayaƙin gashi yana shiga ido. Mangwaro kawai na ci, don ban tabbatar da sauran abincin ba. Ban saki gefen jirgin ba har muka dawo. Amma na je, na dawo.

Yaya ya ce yawon buɗe ido ne ya lalata ni. To, ya shirya jin wanda ya fi wannan: in na sauka gida, Yawuri zan wuce, in ƙetara wurin Iya. Zan sayi rigar ruwa a nan in tafi da ita. Ba zan hau jirgin da aka cika maƙil ba, ba zan hau da yamma ba. Iyakar alkawarin da zan iya yi miki ke nan.

Na san ƙauna ce ta sa kika hana mu, Ummana. Ita ce kuma za ta kai ni.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya jiƙan Kawu Bala, Ya ara wa Iya kwana har in iso.

'Yarki,
Rukayya

Abin da ban sani ba har yanzu:

Ko Yaya zai raka ni bakin ruwa.
Ko da kina nan za ki yafe mini.
Ko idon Iya yana gani.
Ko in na yi sallama da wannan muryar da kowa ke cewa taki ce, sunan wa za ta kira.