Katin da Autana Ke Jira Ya Dawo Masa da Yayansa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, ina roƙon a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe, domin na san wasu da sun ga maganar katun da kati za su ce wasan yara na kawo musu.

Ni matar aure ce, muna zaune a Nasarawa Gwom a nan Jos. Maigidana Keke Napep yake ja, yawanci a Tina Junction yake lodi. Allah ya ba mu 'ya'ya biyu maza, babban zan kira shi Abba, ƙaramin kuma Auta, ba sunayensu na gaskiya ba ne. Abba sikila ne. Ya rasu a sanyin da ya wuce yana da shekara goma sha ɗaya. Auta shekararsa shida.

Duk wadda ta raini mai sikila a garin nan ta san yadda sanyi yake yi musu. Abba bai taɓa buga ƙwallo ya gama ba, in ya fita ya yi gudu kaɗan sai ya dawo yana riƙe da ƙafa, yaran unguwa har suka daina saka shi a wasa, wai ba sa son a ce su suka ja masa. Yakan zauna a bakin ƙofa cikin rigar sanyi biyu yana kallonsu. A haka ne ya fara kallon wani katun a wayata, irin na 'yan Japan ɗin nan masu manyan idanu. Labarin wasu halittu ne da suka faɗo daga wata duniya suka shige cikin katuna, kowane yaro ya tsinci nasa, in za a kara sai yaro ya ɗaga katinsa sama ya kira sunan halittar, ta fito ta yi masa faɗa. Ana kuma sayar da irin katunan a leda a bakin makaranta, kowanne da hoton halitta da lambar ƙarfinta, yara suna wasa da su kamar yadda suka gani.

Ba zan yi wa katun ɗin ƙarya ba don ina cikin baƙin ciki, ya yi wa ɗana amfani. Wasa ne da ba a buƙatar ƙafa ko numfashi, a zaune ake yi, kuma Abba ya iya. Yaron da lissafi ke ba wuya a aji sai ga shi yana tara lambobi a ka kafin abokin wasansa ya gama ƙirga yatsu. Turancinsa ma ya buɗe saboda yana son ya karanta abin da aka rubuta a ƙasan kowane kati. Yaran da suka guje shi suka dawo suna sallama a ƙofarmu, a kan tabarmar tsakar gida suke yini ranar Asabar. Ko a asibiti, in ciwon ya taso kafin allura ta kama, nakan kunna masa ya riƙe wayar yana cije leɓe yana kallo. Akwai kuma abin da ni kaina ya burge ni a ciki, yaron labarin bai ɗauki halitta mafi ƙarfi ba, ya ɗauki wata shuɗiya mai karyayyen ƙaho wadda kowa ke yi wa dariya, tana saurin gajiya amma tana da dabara. Abba ya samu katinta mai ƙyalli, ya naɗe shi a leda. Ya taɓa ce mini, "Umma, wannan irina ce, ita ma ba ta iya gudu."

Amma tun a lokacin akwai abubuwan da ban so ba. An yi katun ɗin ne don a sayar da kati, kana sayen wannan sai a fito da sabuwar halitta da ta fi ta. Faɗa ɗaya sai a ja shi kashi-kashi ana ihu ba a ce komai ba. Mugayen ciki kuma in sun ci wasa sai su ƙwace katin wanda suka ci, su sa shi ya durƙusa suna yi masa dariya, kuma su aka fi yi wa ado, su yara suka fi kwaikwayo. Abin da ban lura da shi ba sai yanzu shi ne, a katun ɗin ba a mutuwa. In an kashe halitta sai ta zama haske ta tashi sama ta koma duniyarsu, mai ita ya yi kuka, daga baya ya ci wasa ya karɓo katin, ya ɗaga ya kira, ta dawo har ta fi da ƙarfi. Haka aka yi wa mai karyayyen ƙahon. Wannan kashin Abba da Auta sun maimaita shi ban san iyaka ba, kai a haɗe a kan waya ɗaya.

Ranar da Abba ya rasu ban san inda kaina yake ba. Yayar maigidana, wadda muke kira Yaya, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, maganarta ba a tsallakewa a danginsu. Ita ta ɗauke Auta ta kai shi gidanta a Gangare don kada ya ga an fita da gawa. Da ya tambaya sai ta ce masa an tafi da Abba wani gari mai nisa neman magani. Bayan sadakar bakwai kuma ta zo ta tattara kayan Abba kaf, riguna da takalma da jakar makaranta, ta rabar, ta ce haka ake yi don kada uwa ta riƙa gani tana tayar da hankali. Gwangwanin madarar da yake ajiye katunansa ta miƙa wa ɗanta Sagir, mai shekara goma sha uku. Ba a tambaye ni ba, ni ma ban iya magana ba a lokacin. 'Yan katunan da suka rage a hannun Auta su ne waɗanda Abba ya ba shi da kansa.

Auta yana zuwa Islamiyya a Gangare ranakun Asabar da Lahadi, a gidan Yaya yake jira babansa ya ɗauko shi. Na fara ganin yana dawowa da yunwa alhali na zuba masa dankali da ƙwai a kula, gwiwar wandonsa kullum da ƙasa, katunansa suna raguwa. In na tambaya sai ya ce ba komai. Abin da ya fi ɗaure mini kai, bai taɓa kuka don Abba ba, kuma in zai kwanta sai ya matsa jikin bango ya bar rabin katifar.

Wata Lahadi keken ya lalace, sai na je ɗaukarsa da kaina da la'asar. Tun daga bakin lungu na hango yara sun yi da'ira a bayan gidan Yaya. Auta ne a tsakiya a durƙushe, hannayensa a baya. Sagir na tsaye a kansa ya ɗaga katin nan mai ƙyalli, wani yaro kuma ya ɓuya a bayan katanga yana maƙale murya, yana kwaikwayon yadda Abba yake yi in ciwo ya taso, yana cewa, "Wayyo ƙafata, Auta ka ci wasan ka fito da ni, akwai sanyi a nan." Sauran suna toshe baki suna dariya. Shi kuma ɗana ya ɗaga kai yana kallon katin, yana cewa Yaya Abba ka yi haƙuri, saura kaɗan.

A hanya ya faɗa mini komai, ba ya kuka, kamar mai ba da labarin abin kirki. Wai Sagir ya ce masa ba asibiti aka kai Abba ba, ya zama haske ya tafi duniyar halittun, kuma katin ne kaɗai zai iya kiransa, amma sai an ci shi a wasa, in an ƙwata ko an roƙa ba ya aiki. Kafin a yarda a yi wasa da shi sai ya ba da abincinsa, ya wanke wa Sagir safa, ya ɗaukar masa jaka. In an ci shi ya ba da kati ɗaya ya durƙusa. Auta bai iya tara manyan lambobi ba, don haka duk abin da Sagir ya ce shi ne, bai taɓa ci ba ko sau ɗaya. Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa, wai so yake ya ba ni mamaki, ranar da zai shigo mini da Abba in daina kuka a kicin.

Washegari na koma gidan Yaya ni kaɗai. Na gaishe ta yadda na saba, na faɗa mata abin da na gani ban ɗaga murya ba. Ta kira Sagir ta tambaye shi, ya ce ai a katun ɗin ma haka ake yi, wanda aka ci shi ke durƙusawa, kuma Auta ne ke binsa yana naci. Ta yi 'yar dariya ta ce yara ne, me na sani game da wasan maza. Na ce Yaya, muryar mamaci fa suke kwaikwayo. Nan ta canza fuska. Ta ce ni ce zan zo har ɗakinta in koya mata tarbiyya, ni da na bar yaro marar lafiya da waya da hotunan aljanu maimakon in sa shi karatun Alƙur'ani, ta ce a danginsu ba su san sikila ba sai da aka auro ni, ko da yake duk mun san gwajin da aka yi ya nuna daga mu biyu ne. Ta ce da na kula da ɗana kamar yadda nake kula da kati da yanzu yana nan. Daga nan ta fizge katin daga aljihun Sagir ta jefa a bahon wanke-wanke, ta ce in ɗauki tsiyata in fita. Na sa hannu a ruwan na ɗauka. Ledar da Abba ya naɗa ce ta hana shi jiƙewa. Ina fita ta bi ni da cewa kada in kuskura in gaya wa Auta Abba ya mutu, in mai da ita maƙaryaciya a idon yaro, in na yi haka to ni da ita.

Na gaya wa maigidana. Mutum ne mai haƙuri, shi ma rasuwar ta taɓa shi, har yanzu ba ya bin hanyar asibitin da fasinja. Ya yarda Auta ya daina zuwa Gangare. Amma ya ce ba zai iya tunkarar Yaya ba, ita ce uwarsa. Shawararsa ita ce a ƙona katin da sauran, a goge katun ɗin daga waya, a bar maganar tafiya neman magani yadda take, yaro zai manta, in ya girma zai gane da kansa. Ya ce katun ɗin ne ya jawo duk wannan. Na ce katun bai ce wa Auta an tafi da yayansa wani gari ba, mu muka ce. Ya ɗauki makullin keke ya fita.

Yanzu katin yana cikin jakata, Auta bai sani ba. Tunda aka hana shi zuwa Gangare ya daina cin abinci sosai, yana ganin mun tare masa hanya, jiya har ya ce babansa ba ya son Abba ya dawo. Ya ɗauko 'yan katunan da suka rage masa yana zama shi kaɗai yana koyon lissafi da su, yana tambayata bakwai da takwas nawa ne, don ranar da zai koma ya ci Sagir. Ina ba shi amsa.

Ga inda na tsaya. In na ba shi katin, ko na bari ya ci ni a wasa ya karɓa, na san abin da zai yi, zai fita tsakar gida ya ɗaga shi sama ya kira yayansa, kuma ina tsaye zan ga lokacin da zai gane ba mai zuwa. In na ƙona kamar yadda babansa ya ce, wata rana Sagir zai gaya masa, ya tashi da sanin cewa uwarsa ce ta ƙona hanyar da yayansa zai bi ya dawo. In kuma na zaunar da shi na faɗa masa gaskiya, na saɓa wa mijina, na ɓata da Yaya, kuma ban san da wace kalma ake gaya wa ɗan shekara shida cewa duk durƙuson da ya yi da yunwar da ya sha a banza ne. Katin nan shi ne kaɗai abin Abba da ya rage mini a gidan, wannan ma ban ɓoye muku ba.

Iyaye mata da kuka taɓa rasa ɗa kuna da ƙaninsa a gabanku, da malamai da ke cikin zauren nan, me zan yi? In faɗa masa ko in jira? In zan faɗa, in kai shi maƙabarta ya gani, ko ya yi ƙanƙanta? Katin kuma in ba shi kafin in faɗa, ko bayan na faɗa, ko kada ya sake ganinsa? Don Allah kada ku ce in yi haƙuri kawai, ina yi, abin da zan ce wa yaron nake nema.

Ba ni da lokaci mai yawa. Yau da safe haƙorinsa na gaba ya fita, ya kawo mini a tafin hannu, ya tsaya gaban madubi yana duba giɓin. Sai ya juyo ya ce, "Umma, in Yaya Abba ya dawo zai gane ni kuwa?" Na ce masa ya je ya sa takalmi kada ya makara.