Dashen da Na Yi a Hawa na Shida

Lahadi, 1 ga Disamba, 2024

Kai da ka buɗe littafin nan ba da izinina ba, amsa mini: ka taɓa zama a gidan da ƙarar firji ta fi muryar mai gidan? In ba ka taɓa ba, rufe ka ajiye.

Wata tara ke nan da rasuwar Baba Hosea. Matarsa Mama Chundung, wadda in ta yi dariya a hawa na shida sai an ji a bus stop, yanzu ɗaki ne duniyarta. In ajiye abinci a ƙofa, in dawo in ɗauki rabi. Yau 'yarta Zaratu ta kira ni daga Leeds. Wai in aka shiga sabuwar shekara Mama na haka, za ta zo ta ɗauke ta, a mayar wa council, wato ƙaramar hukuma, gidanta. Ni ɗan haya kuwa, sai in kama gabana.

Ba tausayi ba ne. Ɗakina nake karewa.

Talata, 3 ga Disamba

Na samo! Ina tsaka da loda kwali a wurin aiki abin ya faɗo mini, har na yi ihu. Bishiya! Duk shekara Baba sai ya shigo da ɗanyar bishiyar Kirsimeti, wadda aka saro, ba ta roba ba. Yana cewa ƙamshinta sanyin Jos yake tuna masa. In ƙamshin nan ya bi ta ƙarƙashin ƙofar Mama, a ga yadda za ta zauna.

Na biya library na aro littafi biyu a kan asalin al'adar. Daga Jamus ashe. Yanzu ko fasto zan iya kayarwa a gardama. Da Baba na nan, da ya ce, "Furofesa Maje, digirinka na library ya kusa fita."

Alhamis, 5 ga Disamba

Laifina ne da na roƙi Abdulhakeem aron mota. Ɗan kawuna ne, yana karatu a wata jami'a a Bloomsbury, ya ɗauka ilimi a cikin ginin yake. Bai ba ni amsa ba. Sai ga saƙona a group ɗin dangi, ya rubuta a ƙasa: "Maje ya fara Kirsimeti, a taya shi da addu'a." Gwaggo har da hoton kuka.

Na rubuta masa amsa mai tsawon gaske, na goge. Sau uku. Zan dawo kanka, ɗan gata. Bari in gama.

Asabar, 7 ga Disamba

Ta shigo gida!

A wani filin ajiye motoci ake sayarwa, an jingine su jere kamar ragunan layya. Haka kuwa na zaɓa: in zagaya, in shafa, in girgiza, in sansana. Wata doguwa ce amma ƙugunta a rame. Wata ta cika, kanta a karkace. Ta goma sha huɗu ce tawa. Ta fi ni tsawo da taƙi ɗaya, kore shar, na murza ganyen a hannu ƙamshi ya hau mini kai. Na tsaya ina murmushi ni kaɗai kamar wanda aka yi wa baiko.

Mai sayarwar, wani Bature mai jan hanci, yana cusa ta a raga yana ta bayani: in na je in yanke gindin kaɗan, in sa a ruwa. Na ce masa na ji. A raina na ce, kai za ka koya wa jikan manomi dashe? Kakana da reshen zogale da cediya ya kewaye gonarsa. Ka sare, ka soka a ƙasa, ka ba shi kwana biyu, ya kama. Mutanen nan ɓarna ce ta yi musu yawa, shi ya sa duk Janairu suke zubar da bishiyoyi a bakin titi.

Direban bus ya kalle ni, ya kalli amarya, ya girgiza kai. A kafaɗa na ɗauko ta har unguwarmu Thamesmead. Lift ya ƙi ta. Hawa shida a ƙafa, ina haki ina dariya. Wuyana duk ƙaro.

Lahadi, 8 ga Disamba

Na dasa. Babban bokitin wanki, buhun ƙasar fulawa biyu, na danna da dunduniya kamar yadda ake yi. Ta tsaya ƙyam a falo. Ba ta wata ɗaya na kawo ba, wannan saiwa za ta yi, baɗi ma ita ce.

Falon ya cika da ƙamshi. Na yi tari da gangan a ƙofar Mama. Shiru. Amma yau kwanon ya dawo a share.

Laraba, 11 ga Disamba

Tana zubar da ganye. Ƙananan tsinkaye ko'ina a kafet, har cikin safata. Ba komai, kowane dashe sai ya yi laushi kafin ya kama. Na ƙara mata taki.

Alhamis, 12 ga Disamba

Littafi biyu a kan Jamus, babu layi ɗaya a kan wannan.

Asabar, 14 ga Disamba

Bari in rubuta a jere.

Da hantsi ina durƙushe ina shara, sai na ji a bayana: "Wane ne ya binne ta?"

Mama. A falo! Ta ɗaura zane a kan rigar sanyi, ta rame, amma idon nan nata na tsohuwar nas yana nan.

Na ce, "Mama, ba binnewa ba ce, dashe ne."

"Dashe? Rogo ka sayo?"

Na fara kawo maganar kakana. Ta ɗaga hannu. "Kai, yi mini shiru. Wannan ba ta saiwa, ko za ka shekara kana mata addu'a. Bakin yankan ya toshe da ƙaro, ƙishi ke kashe ta. Mai sayarwa bai gaya maka ba?"

Na ce ya ɗan yi magana.

"Ya ɗan yi magana. Furofesa ke nan."

Wata tara ban ji sunan nan ba. Na juya ina neman tsintsiyar da ke hannuna.

Ita da kanta ta buɗe kabad ɗin Baba, wanda ba a taɓa ba tun Maris. Ta fito da zartonsa da tukunyar ƙarfen da yake tsayar da bishiya a ciki. Ta daɗe riƙe da zarton. Na ɗauka komawa ɗaki za ta yi. Sai ta miƙo mini. "Tumɓuke ta. Yatsa biyu za ka cire, ba uku ba. Hosea kullum sai ya zarce."

Na yanka, tana danne da gindin tana faɗa: na karkace, na cika gaggawa, ƙasa ta ɓata mata kafet. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na yau ba. Ni da ba a gaya mini ɗaya ban mayar da goma ba, "to, Mama" kawai nake ta cewa.

Muka zuba ruwa. Kafin la'asar ta shanye rabi. Shanyewa fa! Na ƙara, na zauna ina kallon ruwa kamar wani wawa.

Lahadi, 15 ga Disamba

Gefe ɗaya ya yi sanƙo, mun juya shi bango. Mama na kan kujera tana ba da oda, ni ina kan tebur da fitilu. Tauraron saman na kwali ne, Baba ya yanka shi shekarar da suka zo ƙasar nan. Ta ce ni zan ɗora. Na ce a bar wa Zaratu. Ta ce, "Ɗan da ke gida shi ke ɗorawa." Na ɗora. Ƙamshin nan yana sa ido ruwa, ban sani ba ko an rubuta hakan a wani littafi.

Ta je coci da safe. Ta dawo ta kira Zaratu, ina ji tana cewa babu inda za ta, su ne za su zo ranar ashirin da huɗu. Sai yanzu na lura tun jiya ban tuna da maganar ɗakina ba. Aiki ne ya yi yawa.

Yanzu kai, Abdulhakeem. Na tura hoton a group, ni da Mama da bishiya, na rubuta wannan: azumi uku na yi a gidan nan, matar nan ke buga mini ƙofa in tashi sahur, ita ke ajiye mini dabino. Shekarar da na sauka London da jaka ɗaya, ƙofarka na fara bugawa. Me ka ce mini kafin ka rufe ta? A group ɗin nan ka tsaya ka nema mini addu'a, to a nan za ka amsa, a gaban Gwaggo da kowa. Kada ka biyo ni ta gefe. Ina jira.