Hancin Baba da Ruwan Gishiri

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sa aikin asibiti ya zo da sauƙi. Mu ma nan ƙalau muke. Ƙafar Umma tana tashi jifa-jifa, ni kuma mun shiga makon jarrabawa.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne hancin Baba. Kin san tun damina yake a toshe, ga ciwon goshi, har ya daina jin ƙamshi. Ga mai haɗa turare kuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wata mata da ta shekara goma tana saye a wurinsa ta dawo da kwalba uku, ta ce wannan ba haɗinsa ba ne. Tun ranar bai sake taɓa kayan haɗi ba, har ya fara maganar bar wa Kawu shagon.

Robar wanke hanci da kika aiko ta iso, amma takardar bayanin ta jiƙe a hanya. Baba bai jira kowa ba. Ya cika tafin hannunsa da gishiri, ya haɗa da ruwan famfo, wai maganin da bai yi zafi ba wasa ne. Ya fito daga banɗaki yana hawaye da atishawa, ya ce a gaya miki ya gode, amma hancinsa ba fata ba ne da za a zuba wa gishiri a shanya. Umma ta yi dariya har sai da ta zauna.

Na tambayi malamar kimiyyarmu, ta rubuta min yadda ake yi. A tafasa ruwa a bar shi ya huce, a sa rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya, a sunkuya a karkata kai ana numfashi ta baki, sannan a wanke robar a shanya. Kwana biyu takardar tana jakata, domin ban san yadda zan ce wa Baba ya yi kuskure ba. A ƙarshe sai na ga gara in nuna masa a aikace. Yana zaune a tsakar gida na haɗa ruwan, na wanke nawa hancin a gabansa, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya tambaya ko babu zafi, na ce masa babu. Sai ya ce in wanke robar in haɗa masa.

Sannu ba ta hana zuwa. Safe da yamma muke yi. Ranar kwana tara, daga cikin ɗaki ya ce wa Umma shinkafarta tana ƙonewa, alhali ita da ke kusa da murhu ba ta ji ba. Jiya ya koma teburin haɗi. Ciwon goshin dai bai tafi duka ba, ki faɗa mana ko ya kamata ya ga likita.

Ki gaishe min da maigidanki, da yaranki Babba da Ƙaramar Umma. Goggo da Kawu suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Shiru-shiru